Sai Inji Ya Tashi



Shekara takwas motar Baba ta yi a kan duwatsu a harabar gidanmu da ke Tudun Wada, Kaduna. Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo. Fara ce a da, amma ƙurar hunturu da ruwan damina sun mayar da ita kalar ƙasa. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, jikoki sun yi wasan ɓuya a bayanta, Umma kuma ta daɗe tana shanya kuɓewa a kan bonet ɗinta. Mu bakwai Baba ya bari. Kullum muna wucewa ta gefenta kamar yadda ake wuce tsohuwar rijiya, kuma in ba don maganar rabon gado ta taso ba, da har yau tana nan yadda take.

Waɗanda suka taso suka tarar da Golf da Corolla ba lallai su gane matsayin Fijo a garin Kaduna ba. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 kamfanin da ke Kakuri ya fara harhaɗa motocin Peugeot a nan cikin garinmu, kuma a shekarar ce wata 504 ta cinye gasar Safari ta Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyi masu kama da namu. Bayan Faransa ta daina yin ƙirar salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba har zuwa 2006. Ita ce motar ofis, ita ce motar tasha, ita ke ɗauko amarya, ita ke kai mara lafiya asibiti. Tsofaffin bakanikan garin nan kuwa, da ita suka koyi riƙe sifana.

Baba ya sayi tasa a gwanjon wata ma'aikata tun kafin a haifi rabinmu. A cikinta aka kawo huɗu daga cikinmu gida daga asibitin haihuwa. A 2016, yana dawowa daga Zariya, injin ya buga a kusa da Jaji, aka jawo ta da igiya har gida. Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A watan Mayu litar fetur ta koma naira 145, dala tana hawa, kayan gyara suna binta, shi kuma Baba da ɗan fanshonsa yake riƙe da gida. Muka taru muka ce ya sayar da ita ya huta. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce a kira masa Kawu.

Babu dangantakar jini tsakaninmu da Kawu. Bakanike ne a wajen Panteka, kuma tun ranar da motar ta shigo gidanmu babu hannun da ya taɓa injinta sai nasa, shi ya sa muka taso muna kiransa haka. Ya zo da yaransa suka sauke injin suka tafi da shi gareji, gangar jikin ta zauna a gida. Wata ɗaya da rabi yana aikin. Injin silinda huɗu ne, cc 1971, a kishingiɗe yake a cikin bonet, kuma abin da ya sa irinsa ya daɗe a ƙasar nan shi ne fistin ɗinsa a cikin silif yake gudu, wanda ake zarewa daga bulok a sa sabo. Bulok ɗaya sai ya ci gyara sau da yawa. Kawu ya ce ya sa sababbin silif da fistin da ringi, ya kai karanshaf an yanka, ya sa metal daidai da yankan, ya wasa bawul, ya canja sarƙar taimin da gaskit. Ya dawo da injin ranar Laraba, ya ɗora, ya ɗaure komai. Baba ya ce kada a tayar, a bari sai Asabar da safe, yana so ya murza makullin da hannunsa, Umma tana gidan gaba.

Daren Alhamis jininsa ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Shekara biyar ya yi a kwance.

Bayan kamar wata guda Kawu ya zo duba shi, da ya fito daga ɗakin sai ya nufi motar. Muna kallo ya ɗaga ta ya sa duwatsu, ya zubar da ruwan lagireto, ya kwance fulogai ya tsiyaya baƙin mai a ramukan ya mayar, ya cusa tsumma a bakin salansa. Sannan ya kwance kafreta da distirbita da batir, ya toshe gurabensu, ya sa su a buhu, ya ɗaure a bayan mashin ɗinsa ya tafi. Bai yi mana bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Daga nan duk bayan wata biyu ko uku sai ya zo, ya gaida Baba, ya ɗaga bonet, ya sa sifana ya yi 'yan juye-juye, ya rufe.

A lokacin kuɗin magani sun sha mana kai, kowa ransa a kusa yake. Ba za mu iya cewa ga wanda ya fara ba. Wani ya ce kafretar nan fa kuɗi ce a Panteka. Wata ta ce wa ma ya ga sababbin kayan da aka ce an sa, tunda a rufe aka kawo injin? Kafin shekara ta zagayo mun gama yanke hukunci a tsakaninmu: Kawu ya ci kuɗin Baba, ya wanke tsofaffin kaya ya mayar, yanzu kuma yana tsintar abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya. Umma takan ce, "Ku bar zato, ba ku san tsakaninsu ba." Mu kuma mu ce a ranmu Umma dama ba ta ganin laifin kowa.

Wata Juma'a a shekara ta biyu, Kawu ya ɗaga bonet, sai babban yayanmu ya tsaya a kansa ya ce, "Kawu, motar nan dai a ƙyale ta haka. Abin da ya rage a jikinta ya isa." Mu huɗu muna wurin, babu wanda ya ce masa ya yi shiru. Kawu ya dube shi, ya sauke bonet a hankali, ya goge hannu, ya yi mana sallama. Ya ci gaba da zuwa gaida Baba, amma bai ƙara kallon inda motar take ba. Ranar da Baba ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa, da aka yi shelar duk mai binsa bashi ya yi magana, Kawu yana sahun gaba, bai ce uffan ba. Muka ɗora wannan a kan hujjojinmu: ai wanda ya san abin da ya ci ba zai buɗe baki ba.

Sai a ƙarshen 2024 aka zauna rabon gado, aka zo kan mota. 'Yan gwangwan suka zo suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa, suka yi mata kuɗin ƙarfe. Wani dillali ya ce in injin yana tashi zai ninka kuɗin sau uku, in kuwa gawa ce, to mu ba masu kilo. Autanmu ya aro batir, ya ce shi zai gwada ya ga ko sitata za ta juya. Makulli yana cikin adakar Umma, ta hana. Muka ɗauko wani matashin bakanike mai kwamfutar duba mota. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona, bai samu ba, ya ɗaga bonet ya ce ai rabin injin ma babu. Umma ta ce, "Kun gama? To ku je ku kira Kawunku. Ku biyu za ku je, kuma kai za ka yi magana," tana nuna yayanmu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka je. Mun tarar da shi ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi yana, yana zaune a benci yana nuna wa yara aiki da sanda. Yayanmu ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga maganar. Kawu ya tambayi abu ɗaya: "An murza makulli?" Muka ce a'a. Ya ce, "To da sauran magana. Ku ce wa Hajiya ina nan tafe Alhamis."

Ya zo da yaronsa ɗaya da buhu. A gabanmu ya kwance. Ga kafretar Solex nannaɗe da tsumma mai maiƙo da takardar siminti, tana ƙyalli kamar jiya aka wanke ta. Ga distirbita a cikin tsohuwar safa. Ya ce da ya bar su a jiki, fetur ɗin da ke cikin kafreta zai bushe ya zama ƙaro ya toshe jet, zanzaro ya gina gida a maƙogwaronta, ko ɓarayin dare su kwance su. Batir kuwa, ajiya ke kashe shi, don haka ya sayar tun yana da rai ya kawo wa Hajiya kuɗin. Umma daga bakin ƙofa ta ce, "Da su aka sayi allurar wancan satin. Na faɗa muku a lokacin, kuna ta surutunku." Babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu.

Kawu bai tsaya kallon kunyarmu ba. Aka share sheƙar ɓeraye daga kan injin, aka karkaɓe gidajen zanzaro, aka busa ƙurar da ke gefen fulogai kafin a kwance su don kada ta faɗa ciki. Ya sa sifana a kan babban notin da ke gaban karanshaf, ya ja. Bai motsa ba. Ya sake ja, shiru. "Ya kama," in ji shi. Ya yi mana bayani ba tare da faɗa ba: man da ya zuba a ramukan yakan tsiyaye ƙasa a hankali, damina kuma takan shigar da laima ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, sai tsatsa ta manne ringi da silif. Juyawar da yake zuwa yi duk bayan wata biyu ita ke hana haka. Bai ce shekara shida ke nan ba a juya ba. Mu muka yi lissafin.

Nan fa reshe ya juye da mujiya. Mun kira shi muna jiran inji ya tona masa asiri, sai ga shi in injin ya mutu, mu muka kashe shi da bakinmu. Yayanmu ya ɗauko dogon bututun ƙarfe ya ce a zura a sifanar a danna da ƙarfi. Kawu ya ce, "Da ƙarfi zai juya, amma ringi zai karye ya karce silif, mu koma inda muka fito a 2016." Ya haɗa baƙin mai da kananzir, ya zuba kamar cokali biyu a kowane rami, ya toshe da tsumma. Ya ce a ba shi kwana biyu.

Kwana biyun ba a zauna ba. Aka sauke tanki, abin da ya fito daga ciki wani jan ruwa ne mai warin fenti, da ɓarɓashin tsatsa. Kawu ya ce ranar farko daga galan za a ba injin mai, tanki sai an wanke. Robar famfon fetur ta bushe ta tsage, aka sayo wata. Tiyon lagireto na sama da na ƙasa, da an matsa sai su karye kamar ƙanzo, aka canja su tare da fanbel. Riwaya ya zo ya bi wayoyin da ɓeraye suka ci. Safe da yamma Kawu yakan sa sifana ya ɗan rausaya karanshaf gaba da baya, ba ya matsawa, kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Ranar Juma'a da yamma yayarmu tana share aljihun gaban motar, ta zaro wani ɗan littafi na Baba, ɓeraye sun ci gefensa. Da daddare muka zauna a ɗakin Umma muka buɗe. Rubutunsa ne, ƙanana-ƙanana yadda muka san shi. Ya jera komai: silif huɗu, fistin, ringi, metal, gaskit, sarƙa, kowanne da kuɗinsa, ga rasit ɗin shagunan a maƙale da allura. Ashe Baba da kansa ya bi Kawu kasuwa suka sayo. A ƙasan shafin ya rubuta kuɗin aiki da abin da ya bayar, sannan ya ja layi: "Saura 18,000. In inji ya tashi." Wato duk shekarun da muka yi muna cewa mutumin nan ya ci kuɗinmu, shi ke binmu. Aka rufe littafin, kowa ya tashi ba tare da sai da safe ba.

Asabar da hantsi Kawu ya sa sifana, ya rausaya, sai muka ji wani ɗan ƙis, karanshaf ya matsa kamar faɗin yatsa. Ya ƙara mai, ya jira, ya koma baya, ya dawo gaba. Kafin azahar yana zagayawa sumul. Ya kwance murfin tafet, ya sa yaronsa juyawa a hankali, shi kuma yana kallon bawul takwas suna sauka suna hawa. Ya ce sai karanshaf ya zagaya sau biyu kafin kowane bawul ya yi aikinsa sau ɗaya, don haka kada a yi gaggawar cewa lafiya. Na bakwai ya sauka ya ƙi dawowa. Ya tsayar da yaron, ya ɗiga wa bawul ɗin mai, ya ƙwanƙwasa da ƙotar guduma, ya yi tsalle ya koma mazauninsa. Ya ce da an murza makulli a haka, fistin zai iya cin karo da shi a hanya. Autanmu ya sulale ya bar wurin.

Aka zubar da man 2016, wanda bai taɓa aiki ko na minti ɗaya ba, aka sa sabuwar filta da lita huɗu na sabon mai, aka cika lagireto. Ya ɗaura kafreta da distirbita, ya goge kontak da sanfefa, ya daidaita tazararsa, ya saita taimin. Umma ta fito da makulli ta miƙa masa. Shi kuma ya miƙa wa yayanmu ya ce, "Kai ne babba. Zauna a mazaunin mahaifinka. Abin da na ce shi za ka yi, ba ƙari."

Aka jona batir, fulogai suna waje, wayar kwayil a zare, aka riƙa juya injin da sitata na 'yan daƙiƙu ana hutawa. Kawu ya ce wannan shi ne rabin aikin. In inji yana aiki, karanshaf a kan wani siririn mai yake yawo wanda bai kai kaurin gashi ba, ba ya taɓa metal. Injin da ya daɗe a ajiye wannan man ya tsiyaye, kuma in ka ba shi wuta kafin famfo ya turo mai, cikin minti ɗaya za ka cinye abin da aka yi wata ɗaya da rabi ana gyarawa. Idonmu duka yana kan jar fitilar mai a dashbod. Juyi na farko tana nan. Na biyu tana nan. A na huɗu ta yi ƙifta-ƙifta ta mutu. Kawu ya ce, "Alhamdulillahi."

Aka mayar da fulogai, yaronsa ya jera wayoyi, aka zura tiyo a galan. Kawu ya sa aka ajiye bokitin yashi da jiƙaƙƙen buhu a kusa, ya ɗiga fetur kaɗan a maƙogwaron kafreta ya ja baya. "Murza." Injin ya juya, ya yi fau, harshen wuta ya fito ta kafreta, yara suka watse. Gabanmu ya faɗi. Kawu ko gezau. Ya bi wayoyin da yatsa yana cewa, "Ɗaya, uku, huɗu, biyu," ya zare biyu ya musanya, ya ɗan ja kunnen yaron. "Murza." Ya yi tari sau biyu ya yi shiru. "Taka totur rabi. Murza."

Ya tashi. Da farko da silinda uku, yana rawa kamar zai fice daga mazauninsa, sannan na huɗu ya shigo, sautin ya daidaita. Salansa ta tofo ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara, shuɗin hayaƙi ya cika gidan, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yayanmu ya so ya ɗaga ƙafa, Kawu ya daka masa tsawa. Kada ya bar shi ya yi silo, kada kuma ya zuga shi, ya riƙe shi a tsaka-tsaki har minti ashirin. Sabon inji yana buƙatar mai ya fantsama sosai a kan kamshaf da tafet a wannan lokacin, silo kuwa ba ya isar da shi.

Minti ashirin ɗin nan babu wanda ya zauna. Kawu yana zagayawa, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, ya taɓa tiyo, ya dubi allurar zafi, ya kafa bakin sukudireba a jikin bulok ya sa ƙotar a kunne kamar likita. Man da aka zuba a ramuka ya ƙone, hayaƙin ya ragu har ya ɗauke. Da aka kashe, ya zaro sandar mai ya nuna mana: garau, babu fari-farin da ke nuna ruwa ya bi ta gindin silif ya haɗu da mai. Ya ce wannan ne ya hana shi barci tun ranar da muka je wurinsa.

Sai a lokacin muka lura Umma ba ta wurin. Muka same ta a kicin ta ɗora ruwan zafi. Ta ce shekara talatin da wannan ƙarar take sanin ya shawo kwanar layinmu, ta tashi ta ɗora masa ruwa. Ba ta ma san ta taso ba, sai ganin kanta ta yi a gaban murhu.

Bayan la'asar yayanmu ya kawo littafin, ya durƙusa a gaban bencin da Kawu ke zaune. Ya ce, "Kawu, me ya sa ba ka yi magana ba ranar jana'iza?" Kawu ya ce, "Wace magana? Ni da Malam mun yi sai inji ya tashi. Bai tashi ba. In miƙe a gaban mutane in ce ina binsa kuɗin aikin da ban gama ba?" Yayanmu ya roƙe shi ya yafe mana abin da aka faɗa masa, mu duka, don wanda ya yi shiru a wurin ma ya faɗa. Kawu bai ce babu komai ba. Ya ce, "Ta yi min ciwo. Na yi sati ban ci abincin kirki ba. Amma ya wuce, ku 'ya'yana ne."

Mun riga mun yi lissafi tun daren Juma'a. Naira 18,000 a 2016 kuɗin fetur lita 124 ne. A ranar da muke magana, bayan cire tallafi a 2023, lita ta haura naira 1,000, kuɗin ba su kai na lita 18 ba. Don haka muka haɗa kuɗin lita 124 a ambulan. Kawu ya buɗe, ya ƙirga 18,000, ya ƙirga kuɗin aikin kwana uku nasa da na yaronsa, ya turo sauran. "Abin da Malam ya rubuta ke nan." Muka yi ta roƙo, ya ƙi. Umma ta karɓi ambulan ɗin ba ta ce komai ba. Bayan sati muka ji an kai buhun masara da rabin buhun shinkafa gidansa, hannun matarsa, inda ba shi da ikon mayarwa.

Ba a sayar wa dillalin ba. Aka yi wa motar kuɗi, yayarmu da ta tsinci littafin ta karɓe ta a cikin rabonta, duk da mijinta ya ce ta sayi wahala. Yana da gaskiyarsa, don inji ne kawai ya tashi. Kuloci ya manne, birki sai da aka sake shi gaba ɗaya, tayoyi huɗu sun tsattsage a inda suke, kuma Fijo ba ta san fetur ya yi tsada ba. Ranar Asabar kawai take fita, ta kai Umma unguwa, a hankali.

Kawu ya kafa sharaɗi: a canja mai da wuri, kada a yi mata lodi, kada a zuga ta, kuma in ta ci kilomita 1,000 a kawo ya sake ɗaure notukan kan silinda ya saita tafet. Sai a lokacin zai ce ya gama aikin da Malam ya ba shi. Duk ƙarshen wata yakan kira yayarmu ya tambayi abin da ta ci. Shekaranjiya ta ce masa 640. Ya ce ta riƙa ɗan ƙara fita, shi fa ba yaro ba ne.